Amsar Yaya ga mai son buɗe shagon furanni

Na rubuto muryar da Yaya ta turo jiya saboda waɗanda suka ce ta ƙi buɗuwa a wayarsu. Yadda ta faɗa haka na rubuta.

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ƙanwata, na ga saƙonki tun shekaranjiya, zama ne ban samu ba. Kin ce kina son buɗe ɗan shagon furanni, kina tambayar yadda yinin mai shagon yake, da kuma ko gaskiya ne cinikin na lokaci-lokaci ne. Rubutu ba zai ɗauke maganar ba, ga hannuna a jiƙe, shi ya sa na ce bari in yi murya. In ta yi tsawo ku yi haƙuri.

To, kin ce tun kina ƙarama kike son fure. Madalla. Amma bari in gaya miki, ni a yini guda, lokacin da nake yi riƙe da bokiti ya ninka wanda nake yi riƙe da fure. Wannan sana'a ta ruwa ce da agogo. Mai sayar da takalmi in kayansa sun yi kwantai, sai ya kakkaɓe musu ƙura ya jira wata mai zuwa. Ke kuwa abin da kika saro, tun ranar da aka yanke shi daga jikin uwarsa ya kama hanyar mutuwa. Aikinki kawai ki ja masa kwana, ki sayar da shi da sauran ransa, yadda zai je gidan mai saye ya ƙara yin kwana biyar ko mako a can. In ya mutu washegari a gidansa, ba zai yi miki faɗa ba, ba dai zai dawo ba ne.

Ranar da kaya za su iso, kafin gari ya waye ina shago. Kwalayen za su zo, furannin a kwance, a bushe, sun sha hanya, wasu sun yi laushi kamar ba za su tashi ba. Kada ki tsorata, ƙishirwa ce. Sai ki kwance ɗauri ɗaya-ɗaya, ki tsige duk ganyen da zai nutse a ruwa, ki yanke gindin karan a karkace, kamar santimita 2 ko 3, da wuƙa mai kaifi, nan take ki tsoma a ruwa. Na ce nan take fa. A cikin karan nan akwai 'yan siraran hanyoyi da yake zuƙar ruwa da su. In bakinsu ya bushe ko iska ta shiga, sun toshe. In almakashinki dakusasshe ne, ya murƙushe su. In kuma kin bar ganye ya ruɓe a ruwa, ƙwayoyin cuta su yaɗu, su ma su toshe su. Shi ne za ki ga wardi ya sunkuyar da wuya, kansa bai ko buɗe ba, ga shi a cikin ruwa amma ƙishirwa ta kashe shi.

Shi ya sa nake da masifa a kan wankin bokiti. Yarinyar da ke taya ni ta san wannan. Bokitin da ba za ki iya shan ruwa a ciki ba, kada ki sa fure. A goge da sabulu, a sa ɗan bilic, a ɗauraye, a kife. Kullum. Ki sa hanci a bokitin da ya kwana uku ba a sauya ruwansa ba, ki ji warin, sau ɗaya ya ishe ki darasi.

Wannan 'yar hodar da ake kira abincin fure, ba wani siddabaru ba ne. Abu uku ne: sukari don ya samu ƙarfin buɗewa, ɗan tsami don ruwan ya hau karan da sauƙi, da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ki auna yadda aka rubuta. Masu rage mudu don hodar ta daɗe, sukarin suke ba ƙwayoyin cutar, maganin kuma bai kai ya kashe su ba.

Sai firij. Yawancin furanni, su wardi da kaneshan, suna son sanyi wajen digiri 2 zuwa 4. Amma na ƙasashen zafi irin su okid da anturiyum, in sanyi ya yi ƙasa da digiri 10 illa yake musu, su yi baƙi-baƙi. Su a waje ake barinsu, a inuwa. Kuma don Allah kada ki sa 'ya'yan itace a firij ɗin fure. Ni na yi, na ga abin da na gani. Shekarata ta farko wani ya yi odar kwandon 'ya'yan itace haɗe da fure, na ce bari in ajiye kwandon a firij ya kwana. Akwai ayaba nunanniya da tuffa a ciki. Ashe in suna nuna akwai wata iska da suke fitarwa, etilin, ba a ganinta, ba a jin warinta. Kwana biyu kaneshan ɗina bokiti guda duk suka naɗe baki, suka yi barci. Na tsaya ina kallonsu, ni da ban taɓa jin sunan abin ba. Hayaƙin mota da na taba ma suna ɗauke da ita, ki kula da inda kike jera kaya a bakin ƙofa.

Kowane fure da halinsa, kamar mutane. Tulif ko an yanke shi ci gaba yake da tsawo, yana bin haske. Ki ɗaura shi daidai da sauran da yamma, da safe ki tarar ya zarce kowa ya karkata wajen taga. Dafodil kuwa mugun maƙwabci ne, yana fitar da wani yauƙi da ke cutar da na kusa da shi, sai an ware shi a nasa bokitin ya sha ruwa shi kaɗai tukuna. Lili, da ya buɗe ki cire masa wannan garin da ke tsakiyarsa, in ya taɓa farar riga sai Allah. In ya zuba kada a goga da ruwa, a ɗauke shi da salatif. Kuma ki riƙa tambayar mai saye ko yana da kyanwa a gida, don lili guba ne ga kyanwa, ƙoda yake lalata mata. Kirisantimum da kaneshan su ne rufin asirin ƙaramin shago, suna kai mako biyu. Mutane na raina su, wai ba na 'yan gayu ba ne. Ni dai ba na raina abin da ba ya mutuwa a hannuna.

Dakata, wani ya shigo.

Yauwa, na dawo. Ina muka tsaya? Maganar lokaci.

E, gaskiya ne. 'Yan kwanaki ne a shekara suke ciyar da watanni. Babbarsu ita ce ranar masoya, 14 ga Fabrairu. Kuma ki sani, furen nan da kike gani yawanci daga nesa yake. Kenya na noma wardi sosai a gefen tafkin Naivasha, Habasha ma haka, yawancinsa Turai ake kaiwa. Kolombiya da Ekwado su ke ciyar da Amurka, jirage na saukewa a Mayami. A Holan akwai garin Alsmiya, inda ake babban gwanjon furanni. Nasu gwanjon a juye yake: farashi daga sama yake farawa yana sauka a agogo, wanda ya riga danna maɓalli shi ya saya. To ki duba, duk duniya rana ɗaya take neman jan wardi. Manomi tun makonni da yawa kafin nan yake datse shukarsa don ta yi fure daidai ranar, wato ya haƙura da wanda zai sayar kafin nan. Jirgin ɗaukar kaya kuma kowa na rububinsa. Kafin ya iso hannunki ya yi tsada. Mai saye zai zo ya ce kun tsawwala, shi a ganinsa ke kike cin kuɗin. Ban cika yin gardama ba, murmushi nake.

Makon ranar masoya ba barci. Tun watan Disamba ko farkon Janairu ake ba 'yan sari oda. Kwana huɗu kafin ranar, cire ƙaya ake yi da tsige ganye har yatsu su daina ji. Ana yanka takardar naɗi, ana ƙulla ribon a ajiye, ana rubuta adireshi a jera bisa unguwa don mai kai saƙo kada ya yi ta zagaye. Ranar kanta, tun safe waya ba ta hutawa. Da yamma kuma sai ga waɗanda suka manta, a guje, ido ya raina fata, ko me ya rage a ba su. Su ba sa neman ragi, Allah ya yi musu albarka.

Amma ga inda ramin yake. Ran 15 ga wata, jan wardin nan da ake rububi jiya, ba mai kallonsa. Shekarata ta biyu na ga ciniki ya yi kyau a ta farko, sai kwaɗayi ya ja ni na ninka oda. Ban duba cewa ranar ta faɗo a ƙarshen mako ba, alhali rabin cinikina na masu aikawa ofis ne, don a gani a gaban abokan aiki. Ofisoshi a rufe. Bokiti shida suka kwana. Na busar da wasu, na tsige wasu na sayar wa masu ado, sauran na zuba a shara da hannuna. Ribar makon gaba ɗaya ta tafi a nan. Tun daga ranar, kalanda nake fara dubawa kafin in ɗaga waya in yi oda.

Bayan ranar masoya sai ranar mata, 8 ga Maris, a wasu ƙasashen ma ta kusa kamo ranar masoya a ciniki. Sai ranar iyaye mata, wadda kowace ƙasa da tata: Amurka Lahadi ta biyu a watan Mayu, Ingila yawanci cikin Maris. Ki san wadda masu sayenki ke bi. Ni na fi son ta a kan ranar masoya nesa ba kusa ba, don ba a ƙayyade launi ba, duk abin da ya yi kyau za ki iya haɗawa. Ƙarshen shekara kuma akwai adon ofisoshi da kyaututtuka.

Biki shi ne mai kuɗi, shi ne kuma mai ciwon kai. Amarya za ta zo da hoto a waya, furen da ba lokacinsa ba ne. Akwai wanda ake kira fiyoni, 'yan makonni kawai yake yi a shekara, amma kowa shi yake so. Ki gaya mata gaskiya tun a zaman farko, ki nuna mata mai kama da shi. Kuma ba na saro ko kara ɗaya sai an ba ni kafin alƙalami, ko 'yar wa ce. In an fasa biki, yadi yana komawa shago, fure ba ya komawa. Sannan akwai lissafin buɗewa: lili da ya zo a rufe yana bukatar kwanaki a waje kafin ya buɗe, wardi kuma a riƙe shi a sanyi kada ya wuce. So ake duka su haɗu ranar, ba jajibiri ba, ba washegari ba. Wannan ba a koyonsa a bidiyo.

Tsakanin waɗannan kuma shiru. Akwai watannin da za ki yini ki ga mutum uku. Haya ba ta san shiru ba, kuɗin wutar firij ma haka. A nan ake rage sari, a saro kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a mako maimakon tuli ɗaya. A nan shukokin cikin tukunya ke taimako, don su ba sa mutuwa a mako. Kuma in kin samu otal ko ofis ko biyu da za ki riƙa sauya musu fure duk mako, ki riƙe su hannu bibbiyu, ko ribar ba yawa. Lokacin zafi kuwa, ki rage abin da kike fitarwa waje, kuma kai saƙo da sassafe, don awa ɗaya a cikin mota mai zafi ta isa ta dafa miki ɗauri.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne mutane. Ba mai sayen fure haka kawai. An haihu, an yi rashi, ana asibiti, an yi laifi ana neman sulhu. Wani zai tsaya da biro a kan ɗan katin nan minti goma, ya rubuta ya soke, ya ce ke me kike ganin zan rubuta. Wata ta shigo ta zaɓi farare, ba ta ce komai ba, da ganin idonta kin san ba na murna ba ne. Irin wannan ba a yi mata surutun talla, a naɗe mata a hankali. Kuma abin da kika karanta a katin mutane, a shago yake mutuwa.

Jiki ma yana biya. Tsayuwa ce yini guda a ƙasa mai laima, ɗaukar bokiti, shiga firij da fita. Hannuna in kin gani duk tsagewa ne da sukar ƙaya, wasu ma ruwan tulif kan sa fatar yatsunsu ta yi ƙaiƙayi ta daddare. Lalle da dogon farce, ki yi musu sallama.

To shawarata, ƙanwata, kada ki kama haya tukuna. Ki nemi shagon wani ki yi aiki, ko kyauta ne, ki ga makon rububi ɗaya da watan shiru ɗaya. Ki sayi ɗan littafi, ba na ciniki ba, na shara: kullum ki rubuta kara nawa aka zubar, wane iri, saboda me. Ni har yau ina da nawa, shi nake buɗewa kafin in yi oda. In kina so ki fara da ni, bismillah, ranar Talata kaya za su iso. Ki zo ƙarfe biyar da rabi, ki sa takalmi rufaffe wanda ba ya santsi, ki zo da rigar sanyi saboda firij. Bokiti 20 ne ke jiranki. Bari in je, ga wata tana taɓa mini lili.