Kwamfuta za ta iya gane guba ba tare da an gwada a kan dabba ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske kwamfuta na iya hasashen sinadarin da zai cutar da dabba daga gwajin ɗakin bincike kaɗai. Tana iyawa, amma da sauran rina a kaba.

Ana ɗiga sinadarin ne a kan ƙwayoyin halitta da aka raina cikin faranti mai ƙananan ramuka, a ga yawan da zai fara yi musu illa. Shirin Tox21 na Amurka, wanda aka fara a 2008, ya gwada sinadarai kusan 10,000 ta wannan hanya. Daga nan kwamfuta ta lissafa: nawa ɓera zai ci kafin wannan adadin ya taru a jininsa? Sai ta duba abin da hanji ke tsotsa, da saurin hanta da ƙoda wajen fitar da shi.

Hantar nan ita ce mai ba da ciwon kai. Ɗauki farasitamol: kai ka sha zazzaɓi ya sauka, amma ƙwaya ɗaya tak na iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu. Idan ba a shigar wa kwamfuta wannan bambanci ba, ina za ta sani?

A ganina an fi samun nasara wajen borin fata, inda ƙungiyar OECD, ta haɗin kan ƙasashe don bunƙasa tattalin arziki, ta amince da haɗa gwajin faranti da lissafin kwamfuta a 2021. Ciwon daji da matsalar haihuwa kuwa, har yanzu hukumomi kan nemi a gwada a kan dabba.