Tambaya da Amsa: Kwafar Fayiloli da Yawa a Lokaci Ɗaya

Tambaya: Malam, ina da shagon kwamfuta a Garwa, kuma kwafar dubban hotunan biki zuwa faifai tana cinye mini yini guda. Shin tura su tare zai rage jira?

Amsa: Malam, ya danganta da irin faifanka. Idan SSD ne, wato faifan da babu abin da ke juyawa a cikinsa, musamman nau'insa mai sauri da ake kira NVMe, yana karɓar umarnin rubutu da yawa a lokaci ɗaya, don haka robocopy, umarnin kwafar fayiloli na Windows, tare da zaɓin /MT, wanda yake raba aikin gida 8 idan ba ka canza adadin ba, zai taimaka ƙwarai wajen ƙananan fayiloli. Amma tsohon faifai mai juyawa hannu ɗaya ne yake kai kawo a cikinsa yana karatu da rubutu. Ka cika masa aiki, sai ka ji yana ƙara, saurin ma ya ragu.