Yaro ɗan shekara 11 da horon ƙwallo safe da marece: amsa ga mai tambaya

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka: ɗanka shekararsa 11, ƙafarsa ta iya ƙwallo, mai horar da su a unguwa ya ce a riƙa kawo shi safe da marece kullum, ya bar kokowa da sauran wasanni, ya fara ɗaga gwangwanin siminti don ya yi ƙarfi. Na daɗe ina koyar da motsa jiki a CEG, wato makarantar sakandare, nan Tawa, yara da yawa sun bi ta hannuna. Kada ka yarda da wannan tsari, amma kada ka hana shi ƙwallo.

Kafin balaga, abin da jikin yaro ya fi saurin ɗauka shi ne iya motsi: gudu, tsayawa cak, juyawa, tsalle, dira, faɗuwa ba tare da jin ciwo ba. Ƙarfin damtse yana zuwa daga baya, idan jiki ya fara sauyawa. Shi ya sa kokowar da aka ce ya bari ita ce nake so ya riƙe. A kan rairayi yaro yake koyon kafa ƙafa, da sauke ƙugu, da yadda zai faɗi ya tashi. Tawa, garin da aka fara gasar kokowa ta Takobin ƙasa a 1975, bai kamata ya raina wannan makaranta ba. Haka langa. Ka tsaya ka kalle su wata rana: yaro ya kama yatsan ƙafarsa ta baya, yana tsalle da ƙafa ɗaya, wani ya banke shi da kafaɗa, ya yi tangal-tangal ya daidaita bai saki ba. Idon sawu da gwiwa da ƙugu duka suna aiki a lokaci guda. Tsarin ɗumama jiki na FIFA da ake kira 11+, wanda aka yi don rage rauni, har da tsayuwa da ƙafa ɗaya a ciki, abokinka yana tura ka. Mu kyauta muka gaje shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa haki a kowace rana, da abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi sau uku a mako. Wasa a bakin gida da tafiya lakwal da sauri duk suna ciki. Horo mai tsari kuwa, sau uku a mako da wasa ɗaya ya ishe shi, kuma a bar masa kwana ɗaya ko biyu ba filin. Akwai ma'aunin da likitocin wasanni ke bayarwa: awoyin horo a mako kada su wuce shekarun yaro. Ka lissafa safe da marece kwana bakwai, ka ga inda ya kai.

Inda nake so ka buɗe ido sosai shi ne shekaru biyu zuwa uku masu zuwa. Yawancin maza suna yin tsiron tsawo wajen shekara 13 zuwa 14, mata kuma wajen 11 zuwa 12, kuma a shekara guda namiji yana iya ƙara santimita 8 zuwa 10. Ƙashi ke yin gaba, tsoka da jijiya su biyo baya a ɗaure. A nan ne yaro zai fara kukan dunduniya, ko ka taɓa ƙasan ƙoƙon gwiwarsa ka ji wani ƙullutu, ya zabura. Wanda jiya yake tsayar da ƙwallo a kan ƙafa, yau tana tsere masa, har ya riƙa tuntuɓe ba dalili. Mai horo marar haƙuri sai ya ce ya zama rago, ya ƙara masa zagayen fili. Ai lokacin ragewa ne: a rage tsalle da gudu a ƙasa mai tauri, a ƙara miƙe jiki da wasa da ƙwallo a hankali. Ka samu bangon ɗaki, ka tsayar da shi ba takalmi, ka ɗora littafi a kansa ka ja layi da fensir kowane wata uku. Ranar da tazarar layukan ta buɗe, ka san an shiga.

Kuma kada zakaran ƴan shekara 12 ya ruɗe ka. Sau da yawa riga sa'o'insa balaga kawai ya yi, ko kuma takardar haihuwarsa ce ta fi shi ƙuruciya. Tun 2009 FIFA ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar ƴan ƙasa da shekara 17 don gano ainihin shekarun ƴan wasa. Idan sauran suka cim masa a shekara 16, wanda ya dogara da ƙirji sai ya rasa abin yi, ɗan siririn da ya koyi dabara ya wuce. Sauri ya haifi nawa.

Batun ɗaga nauyi: ba gaskiya ba ne cewa yana hana tsawo idan an yi shi daidai, da mai lura. Matsalar gwangwanin siminti ita ce ba a san nauyinsa ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya, kuma yara gasa suke yi da shi. Ya fara da nauyin jikinsa: tsugunno da tashi, danna ƙasa, rataye a reshe. Idan yana jan ruwa ko tura amalanke a gida, wannan ma aiki ne, a sa shi cikin lissafi.

Sauran kuwa a hannunka da mahaifiyarsa suke. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, horo sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da gorar ruwansa. Hura da nono, wake, ƙuli-ƙuli, zogale, cuku in an samu, sun wadatar; ba ya buƙatar garin gina tsoka na gwangwani da ake sayarwa a kanti. Bayan zazzaɓin damina kada ya koma fili don jiki ya yi sanyi kawai, jini yakan ragu, a ba shi lokaci. Barci awa 9 ko fiye, wato waya ta kwana ɗakinku. Duk wanda ya miƙa masa ƙwaya wai don kada ya gaji, tiramol ko wata, a raba su ran nan.

Lambobin Olamfik biyu Nijar ke da su: tagullar Issaka Daboré a dambe, Munik 1972, da azurfar Abdoul Razak Alfaga a taikwando, Riyo 2016, wanda ya zama zakaran duniya a 2017. Ba ɗaya a ƙwallo. Alfaga ya haura mita biyu, kai kuma ba ka san irin jikin da ɗanka zai tashi da shi ba tukuna. Zaɓen wasa ɗaya ya jira wajen shekara 15, lakwal kuma ba a taɓa ta.

Ka je wurin mai horon da kanka, cikin mutunci, ba gaban yara ba. Galibinsu don Allah suke yi, ba a biyan su ko dala. Ka ce masa kwana uku za ka riƙa turo shi, da ranar wasa. Idan kuma yaron ya fara ɗingishi, ko ciwo ya wuce mako biyu, ko gaɓa ta kumbura, a kai shi likita kafin a kai shi wurin mai ɗori.