Tambaya da Amsa: Kai wasan Gizo ƙauye

Tambaya: Ni malamar firamare ce. Mun haɗa wasan kwaikwayo mai waƙa daga tatsuniyoyin Gizo, muna so mu zaga da shi ƙauyuka biyar. A makaranta ya yi armashi, amma ina tsoron ya watse mana a dandali. Me zan gyara? Daga wata malama, Dutsin-ma.

Amsa: Malama, fara da sanin cewa 'yan kallonki sun riga ki sanin labarin. Yaron ƙauye ya ji Gizo da Ƙoƙi a bakin kakarsa tun bai iya ɗaura wando ba, don haka ba sabon labari zai zaunar da shi ba, sai in kin ba shi aikin yi. A buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", a dakata har taro ya amsa "Ta zo mu ji ta". In amsar ta yi sanyi, a maimaita. Wanda ya amsa wannan zai amsa waƙa.

Tatsuniya ɗaya ta isa, kada ta wuce minti 40. Wadda ta fi dacewa da fili ita ce ta Gizo da Giwa da Dorina, inda ya ci bashin kowacce, sannan ya ba su bakin igiya ɗaya suna ja, kowacce na zaton abin da ya yi mata alkawari take janyowa. Nemi igiya mai kauri, ki sa Giwa gabas, Dorina yamma, Gizo a tsakiya yana tuntsura dariya. Taro da kansa zai rabu biyu.

Waƙoƙi huɗu, kowacce ƙasa da minti biyu. Mai bayarwa ɗaya, amshi kuma kada ya wuce kalma biyar ko shida, yadda za a kama shi a ji na biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta waƙa mai baiti goma irin ta littafi: yara su haddace da ƙyar, masu kallo su yi shiru, 'yan baya su fara zamewa. Kalangu ɗaya da ƙwarya biyu da tafi sun wadatar. A ja wa makaɗin kunne ya sassauta in ana magana, don kalangu na haɗiye muryar yaro.

Kada ki rufe fuskar kowa da abin rufe fuska na kwali, murya ba ta fita. Kunnuwa da hula sun isa. Gizo kuwa, a cusa tsumma cikin tsofaffin safa huɗu a ɗinka a gefen rigarsa, ga ƙafa takwas ke nan in an haɗa da hannuwansa da ƙafafunsa. Tsamin bakinsa a taƙaita shi ga gaisuwa, irin su "Yanka ya daɗe". In ya yi shi duk wasan, na nesa ba za su gane komai ba.

Tambaya: Wane lokaci ya fi, kuma wa za mu fara gani a garin? Daga wani shugaban ƙungiyar matasa, Gumel.

Amsa: Bayan an gama girbi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina yara na gona, hanya kuma ba ta da tabbas. A aika mutum biyu wajen dagaci ko mai unguwa mako guda kafin ranar, a gaida liman, a faɗi abin da ke cikin wasan. A kauce wa ranar kasuwar garin da ta maƙwabta, don mutane ba sa gida.

A fara da an idar da La'asar, a gama kafin Magariba, a kama hanya da sauran haske. A zana da'ira da toka, faɗin taku goma, a yayyafa ruwa rabin sa'a kafin farawa, in ba haka ba rawar farko za ta tada ƙurar da za ta shaƙe masu waƙa, ga hunturu dama ya busar da maƙogwaro. 'Yan kallo su ba rana baya. Ƙanana a gaba kan tabarmi, mata gefe guda, maza gefe guda. Lasifika mai batir ta fi janareto. In dole ne sai janareto, a kai shi bayan wani gida da doguwar waya. Kowane yaro da yardar iyayensa, 'yan mata kuma da babbar mace tare da su.

Tambaya: Wani dattijo ya ce muna koya wa yara ƙarya da wayo. Me za mu ce masa? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

Amsa: Kada a yi musu da shi, yana da hujja in wasan ya ƙare Gizo na cin riba. A gayyace shi ranar da za a yi tatsuniyar 'yar tsanar danƙo, inda Gizo, ɓarawon gona, ya mari mutum-mutumin, hannu ya manne, ya kai shuri, ƙafa ta manne, har gari ya waye masa a nan. A nan mai ba da labari ya tsaya ya tambayi yara hukuncin da ya dace da Gizo, a bar dattijon ya ji amsarsu da kunnensa kafin a ce ƙurunƙus.