Asibiti sun tura wa likitanmu bayanan ciwona ta kwamfuta, shin ba a tona min asiri ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na kwanta a asibiti kwanakin baya, da aka sallame ni sai na je wajen likitan da ke duba mu ni da yarana, tun ban buɗe baki ba naga ya buɗe kwamfuta yana karanto min komai, gwajin jini, magungunan da aka ɗora ni a kai, har da wata lalura da ban so kowa ya sani ba. Wai yanzu asibitoci haɗe suke da likitocin iyali ta intanet. Dan Allah Malam wannan ya halatta?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa 'yar uwa.

Abinda marar lafiya ya faɗa wa likita, da abinda likita ya gano a jikinsa ko da shi bai faɗa ba, duk amana ne. Allah yana cewa a Suratun Nisa'i aya ta 58 a mayar da amana ga masu ita, a Suratul Anfal aya ta 27 kuma ya hana ha'intar amana. Akwai hadisin Jabir da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa idan mutum yayi magana sannan ya waiga to maganar nan ta zama amana. Waigawa kawai fa, to ina ga wadda ta shiga ɗakin likita aka rufe ƙofa, ta sassauta murya, ta faɗi abinda ko mahaifiyarta bata faɗa wa ba. Saboda haka damuwarki tana kan hanya, ba waswasi bane.

Amma sai mu duba, wa aka ba labarin? Tona asiri shine a fitar da maganar zuwa ga wanda babu ruwansa da ita. Likitan da zai cigaba da duba ki bayan sallama yana cikin masu ɗauke da amanar, dan neman lafiya kika bada bayanin tun farko kuma shi ma aikin da yake yi kenan. Kuma rashin saninsa yana iya cutar dake. Misali an ɗora mutum kan warfarin, maganin tsinka jini, ya dawo gida gwiwa na masa ciwo, likitansa bai sani ba ya rubuta masa ibuprofen, haɗa biyun nan yana iya jawo zubar jini a ciki. Ko wanda jikinsa baya karɓar fenisilin, an gano haka a asibiti amma takardar sallama ta ɓata ko shi ya manta sunan maganin, ai sau da yawa marar lafiya cewa yake "wani fari ne ƙarami" shikenan. Annabi (SAW) yace babu cuta babu cutarwa, Imam Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa. Dan haka tura bayanin daga asibiti zuwa likitan da ke kula dake halal ne, wani lokacin ma abin so ne, kuma ko a takarda aka tura ko ta kwamfuta hukuncin ɗaya ne.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen musulmi ta tattauna sirrin aikin likita a zamanta na 8 a Brunei shekarar 1993, ta tabbatar cewa asali haramun ne bayyana sirrin marar lafiya, sai in mai sirrin ya yarda, ko kuma ɓoyewar zata jawo cutar da tafi ta bayyanawa, kamar cuta mai yaɗuwa da dole a sanar da hukuma. Ko a nan ma iya wanda ya kamata ya sani ake faɗa wa.

Inda ni nake ganin matsalar take shine kwamfuta ta sauƙaƙa leƙe. Da can sai mutum ya tashi ya je ɗakin ajiyar kati ya nemo fayil, ana ganinsa, yanzu kuwa yana zaune zai rubuta suna komai ya fito. Ma'aikacin da ya buɗe fayil ɗin maƙwabciyarsa ko yarinyar da ƙaninsa ke nema dan kawai yaga me ke damunta, wannan ya ci amana kuma yayi tajassusi, wato bin diddigin asirin mutane, da Allah ya hana a Suratul Hujurat aya ta 12, ko da bai faɗa wa kowa ba. Samun faswod baya halatta masa dubawa. Wanda kuma ya ɗauki hoton sakamakon gwajin wani da wayarsa ya tura guruf ɗin WhatsApp, laifinsa ya ninka, kuma wallahi ana yi, wai da sunan "a taya shi da addu'a".

Su ma masu asibitin akwai nasu nauyin. Wajibi ne su tsare sistem ɗin, su iyakance wanda zai iya buɗe me, ya zama duk wanda ya buɗe fayil sunansa da lokacin sun rubutu. Sakaci a nan ba ƙaramin abu bane, a watan Mayu 2017 harin kutse na intanet da ake kira WannaCry ya kulle kwamfutocin asibitoci da yawa a Ingila har aka soke ganin likita na dubban mutane. Sayar da bayanan ga 'yan kasuwa ko miƙa wa wajen aikin mutum ba da izininsa ba kuwa haramun ne kai tsaye. Haka miji ko dangi, kusanci shi kaɗai baya basu haƙƙin karanta fayil ɗinki, sai da yardarki ko in akwai cutar da zata shafe su.

A taki mas'alar, in sun tura ne ga likitan da ke duba ki kaɗai to basu yi haramun ba, sai dai ya kamata ace sun sanar dake tun farko, musamman kan lalura irin wadda mutum ke jin nauyinta, dan malamai sunce buƙatar dole ana auna ta ne gwargwadonta, abinda magani baya buƙata ba sai an tura ba. Kina da damar ki tambaye su su wa ke iya ganin bayananki, ki kuma nemi a taƙaita wannan ɓangaren in tsarinsu da dokar ƙasarku sun bada dama. Amma kafin ki nemi a ɓoye, ki fara tambayar likita ko lalurar tana da alaƙa da magungunan da zai rubuta miki, in tana da ita to bai halatta ki ɓoye masa abinda zai jefa lafiyarki cikin haɗari ba.

Wallahu a'alam.