Takarda ta ce ƙarfe 6 na yamma: yaushe za mu shiga jirgin ruwan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tsohon hedimasta ne, ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim. Ɗana da ke aiki a Dubai ya biya mana, ni da mahaifiyarsa, yawon kwana 7 a jirgin ruwa na shaƙatawa cikin watan Janairu. Takarda ta ce jirgin zai bar tashar Mina Rashid da ke Dubai ƙarfe 6 na yamma. Yaron da ke yanko mana tikitin jirgin sama ya ce mu sauka Dubai da safiyar ranar, wai kuɗin otal asara ne, kuma ko mun makara ba a barin wanda ya biya. Hajiya tana da ciwon suga da ciwon gwiwa. Hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba Malam. Gara da hankalinka bai kwanta ba.

Ƙarfe 6 ɗin nan lokacin kwance igiya ne, ba lokacin zuwanku ba. Ana rufe rajistar fasinja tun da saura awa ɗaya ko ɗaya da rabi, wani kamfanin ma fiye da haka, saboda sai an miƙa wa hukumar tasha sunayen duk wanda ke ciki kafin a ba jirgi izinin fita. Ku duba takardarku da kyau, akwai wani lokaci dabam da aka ware muku na isowa. Shi ne naku.

Amma bari in tsaya a kan maganar yaron nan, don kusan kullum sai na ji irinta a ofis, har ta ishe ni. Mutanenmu sun ɗauka jirgin ruwa motar tasha ce, wadda ɗan kamasho zai daki bodi ya ce direba a dakata, Alhaji ya zaga alwala. Babu ɗan kamasho a Mina Rashid. Jirgi mai ɗauke da dubban mutane, wanda wata tasha ke jiransa gobe da safe, ba ya tsayawa don mutum biyu, kuma babu wanda zai "yi wa kyaftin magana". Wanda ya makara kuɗinsa ya tafi. In kamfani ya yarda masa ya bi jirgin zuwa tasha ta gaba, to da aljihunsa zai bi, kuma in tashar a wata ƙasa take, ga maganar biza a kan fasfo ɗin Najeriya. Shi yaron da ya ba da shawarar, ranar wayarsa a kashe za ka same ta.

Kuma wane wata? Janairu, tsakiyar hunturu. Kai da ke Ringim ba sai an gaya maka yadda hazo ke rufe gari ba. Hazon nan yakan hana jirage tashi da sauka a filin Malam Aminu Kano. In aka yi jinkirin awa uku a Kano, jirgin da za ku canza a Addis Ababa ko Alƙahira ya wuce, shi ke nan an wuce wurin. Don kuɗin kwana ɗaya a otal? Ɗanku ma a garin yake! Ku sauka Dubai da kwana biyu a hannu, in ya yi ƙaranci ɗaya. Da saukarku ku gyara agogo, Dubai ta riga mu da awa 3.

Ranar shiga kuwa, tunda Hajiya ba ta jure tsayuwa, kada ku yi sammako. Da safe fasinjojin tafiyar da ta gabata ake saukewa ana share ɗakuna, masu zumuɗi kuma sun cika layi tun kafin a buɗe ƙofa. Yawanci ɗakuna ba sa kammala sai wajen ƙarfe 1 zuwa 2 na rana. In an ba ku zaɓi, ku ɗauki wannan tsakanin: layi ya ragu, abincin rana bai ƙare ba, ɗaki ya buɗe ku yi Azahar a natse. Ɗanku ya nema mata keken guragu tun kafin ranar, babu kunya a ciki.

Manyan akwatuna a bakin tasha ake karɓe su, ba za ku sake ganinsu ba sai yamma ko dare. Saboda haka maganin suga, na'urar gwaji, fasfo, katin rigakafin shawara da takardar jirgi su zauna a jakar hannu. Hajiya ta jefa dabino kaɗan a ciki ko da suga zai faɗi a layi.

Da kun shiga, ku je wurin taruwar gaggawa da aka rubuta a katin shiga jirgi da za a ba ku. Bayan hatsarin jirgin ruwan shaƙatawa mai suna Costa Concordia a gaɓar Italiya ranar 13 ga Janairu 2012, inda mutum 32 suka rasu, an tsaurara doka: dole a yi wa fasinja bayanin tsira kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. Ku bi hanyar daga ɗakinku a ƙafa sau ɗaya, ku ƙirga matakalar da ke tsakani, don a lokacin gaggawa ba a hawa lif.