Yadda za ki gane matakin da jarabar giya ta kai

'Yar'uwa, kin tambayi yadda nas za ta gane inda shaye-shayen majinyaci ya kai. Da farko, kwalba biyun da ke bugar da shi a da sai su daina isarsa. Sannan ya fara ɓoye shan, yana mance abin da ya yi daren jiya. In har sai ya kurɓa da safe hannunsa ke daina rawa, to jiki ya kamu.

Ki tambaye shi yaushe ya sha na ƙarshe, ki rubuta. In ya daina sha, zufa da karkarwa kan soma awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, jijjiga cikin awa 48, ruɗewa da gane-gane a kwana na 2 zuwa na 3, kuma wannan kan yi kisa. A ba shi bitamin B1 kafin ƙarin ruwan sukari, don kare ƙwaƙwalwarsa.